Wat Biyar da Batirin Tasi

Shekarun baya, zamanin da jam'iyya ɗaya ce tal a ƙasar nan kuma hoton mutum ɗaya ne a kowane bango, ina da wata jaraba da ba wanda ya gane mata a duk Zongon Lome. Rediyo ce, amma ba ta sauraron labarai ba. Irin wadda kake magana a ciki ce, wani can a wata ƙasa ya ji ka ya amsa. Wajen wani malaminmu na makarantar koyon sana'a na ɗauko ta. Da na gama na buɗe ɗan shagon gyaran rediyo, abin ya bi ni har shagon. Ku da kuka tashi da waya a aljihu na san dariya kuke yi, ku yi abinku. A lokacin, ko Akra da ke nan kusa kake son kira, sai ka je gidan waya ka bi layi.

Neman lasisin kaɗai ya kusa sa ni furfura. An zo unguwa an tambayi maƙwabta halina. An tambayi su wa nake zama da su. An tambayi me ya sa ɗan Zongo, wanda kakansa daga Najeriya ya zo, yake son hira da ƙasashen waje. Ranar da aka ba ni takardar, mutumin da ya miƙo ta bai sake ta nan da nan ba. Ya riƙe gefenta, ya ce da ni da Faransanci, "Yanayin gari, eriya, lafiyar na'urarka. Iyakar hirarka ke nan. Ba siyasa, ba saƙon wani, ba yaren da ba mu ji. Muna sauraro." Na ce na ji na yarda.

A gidanmu kuwa akwai wani ciwo da ba a cika taɓawa ba. Yayana, wanda nake bi, tela ne. Ya tafi Gabon neman aiki tun muna tsohon Zongo na cikin gari. Da farko yana aiko da gaisuwa ta bakin matafiya, daga baya shiru kake ji. Ana haka aka rushe tsohon Zongon, aka kwaso mu zuwa bayan gari. Tun daga ranar mahaifiyata ta rasa sukuni. Kullum maganarta ɗaya ce: "Ko yau ya dawo, ina zai dosa? Ƙofar da ya sani babu ita." Ta ba da cigiya wajen direbobi da masu goro da masu bin jirgin ruwa, kowa ya ce zai duba. Ranar da na fara haɗa na'urata a ɗaki ta ɗaga labule ta ce, "Wannan akwatin surutun naka yana kaiwa Gabon?"

Na ce, "Yana kaiwa, Mma, amma doka ta hana in aika saƙon kowa."

Ta ce, "Au, ni ce kowa?" Ta saki labulen ta tafi, ba ta sake tayar da zancen ba.

To, akwai wata gasa da masu irin rediyonmu na duniya ke yi Asabar da Lahadi. Ɓangaren da na shiga, dokarsa ita ce ka bar gidanka, ka bar wutar lantarki, ka fita fili da batir da ƙaramar na'ura wadda ƙarfinta bai wuce wat biyar ba. Wat biyar fa, ƙwan fitilar banɗaki ma ya fi shi. Duk wanda ka samu kuka yi magana maki ne, ƙasa mai nisa kuma makinta ya fi. Ni kuma na zauna na yi wa kaina huɗuba cewa masu rediyo a Togo ba su da yawa, saboda haka duniya ce za ta yi layi tana roƙona. Wallahi har na hango sunana a mujallar Turawa tun ban ɗaura waya ba.

Abokina direban tasi ne ya yarda ya ajiye aiki ya ara mini batirin motarsa. Sharaɗinsa ɗaya: in batir ya mutu, ni zan tura, shi yana ciki. Muka tafi filin kawuna a Agbalepedo, fili ne da ba a gina ba, sai ciyawa da bishiyar mangwaro guda. Shi ya hau bishiyar ya rataye wayar eriya, jajayen tururuwa suka yi masa maraba, ya sauko yana zagina da Hausa da Mina da Faransanci. Na ɗora na'ura a kan teburin sayar da kokon mahaifiyata da na aro, na sa abin ji a kunne, na yi bisimilla.

Kai, jama'a! Ashe duniya ba ta san ina yi ba. Manyan tashoshin Turai da Amurka suna ta rugugi, kowa da na'urarsa mai ƙarfin injin niƙa, ni kuma ina ƙarƙashinsu ina ƙyas-ƙyas. In kira, shiru. In sake kira, wani ya taka ni ya wuce. In an yi sa'a wani ya tsinkayo ni, sai ya ce in maimaita lambar kirana, wato lambar da aka san kowane mai rediyo da ita, in maimaita, ya ce in sake. Bayan ya gama wahalar da ni sai ya ce "biyar-tara", wato wai ya ji ni tar-tar. Haka al'adar gasar take, kowa biyar-tara yake ba kowa ko bai ji komai ba. Ni ma in ce biyar-tara, mu ba juna lamba, ya wuce. Ba gaisuwa, ba ban gajiya. Abokina da ke rubuta mini lambobin ya saurara ya saurara, ya ce, "Wai mutumina, waɗannan mutanen ba su da iyali ne? Ko ina kwana babu?"

Kafin la'asar muryata ta dushe, kunnuwana sun yi zafi, inuwar mangwaron ta gudu ta bar mu a rana. 'Yan kallo kuwa sun taru, don a lokacin ba a ganin mutum da waya a kan bishiya a wuce. A cikinsu akwai wani mai rigar atamfar jam'iyya, ya matso ya ce da wa nake magana. Na nuna masa lasisi. Ya juya ta gaba da baya, ya mayar mini, ya koma gefe ya tsaya. Har muka kwashe kaya da magariba yana nan.

Ran Lahadi da ƙyar na tashi. Da ba don kunyar abokina da ya yi asarar aikinsa ba, da na ce gasar ta ci kanta. Muka koma, muka ci gaba daga inda muka tsaya: ni ina ihu, duniya tana kunnen ƙashi. Mai rigar atamfa ma ya dawo, wannan karon har da kujerarsa.

Wajen azahar sai na hango mahaifiyata tafe, kwano a ka, tabarma a hammata. Daga Zongo zuwa filin nan ba kusa ba ne, kuma ƙafarta tana damunta. Ta sauke kwanon wake da shinkafa, ta shimfiɗa tabarma a bayana, ta zauna. Na ce, "Mma, ai da kin aiko." Ta ce, "Ci abincinka. Ni ba sauri nake ba." Ta fito da carbinta. Na san abin da ya kawo ta, ita ma ta san na sani.

Ta sa na cire abin kunne na buɗe lasifika don ita ma ta ji. Duk muryar da ta fito sai ta ce, "Wannan daga ina?" In ce Italiya. "Wannan fa?" In ce Jamus. Ta ce, "Ikon Allah. Su kuma ba su da aikin yi ne?" Abokina ya ce, "Yawwa Mma, tambaye shi dai."

Bayan mun yi la'asar, ina murɗa na'ura a hankali, kaina na sarawa, sai ga wata murya garau tana kira da Faransanci. Ya faɗi lambar kiransa. Mu a harkarmu farkon lamba shi ke nuna ƙasa, kuma wannan ta Gabon ce. Na kira shi, kuma ga mamakina kira ɗaya ya amsa.

Mahaifiyata ta ce, "Wannan daga ina?"

Ban iya yi mata ƙarya ba. Na ce, "Gabon ne, Mma."

Ba ta roƙe ni ba. Ta dai miƙe da ƙyar, ta zo ta dafa kafaɗata. Abokina ya sunkuyo ya ce ƙasa-ƙasa, "Mutumina, kar ka yi. Ga wancan can zaune. Ba ka fi kowa uwa ba, ka ba shi lambarsa ya wuce."

Zan so in ce muku jarumta ce ta motsa mini, amma ina! Gajiya ce. Na gaji da rana, na gaji da ihu, na gaji da cewa biyar-tara, kuma na gaji da ganin matar nan tana kallon hanya. Ba ni da sauran ƙarfin da zan sake ce mata doka ta hana. Na danna makirufo na ce wa mutumin ya yi haƙuri, na san gasa ake yi, amma ina da ɗan'uwa tela a Libarbil, babban birnin Gabon, da muka daɗe ba mu ji ɗuriyarsa ba, ga mahaifiyarmu tsaye a kaina. Na faɗi sunansa da sunan babanmu.

Nan take mitar da muke magana a kai ta kaure. Masu jiran layi suka hau ihu, "Gasa! Gasa!", wani har da fito. A wajensu na yi abin kunya, kamar wanda ya tsaya hira a bakin famfo mutane na riƙe da bokiti. Mutumin ya yi shiru har na ɗauka ya tafi. Can sai ya ce, "Maimaita sunan." Na maimaita. Ya ce shi Bature ne mai aikin katako a can, mai gadin gidansa Bahaushe ne kuma ya san telolin garin. "Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma agogonku, a wannan mitar. Yanzu ka bar ni in yi gasata." Na danna zan yi godiya, sai mahaifiyata ta sunkuyo ta ce a cikin makirufo da ƙarfinta, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan!"

Abokina ya dafe kai ya ce, "Shi ke nan. Saƙon wani, ga kuma yare. Mun haɗa biyun." Na waiwaya, mai rigar atamfa ya ɗauke kujerarsa.

Ba a jima ba batir ya mutu. Na cika alkawari na tura tasi, abokina a gaba, mahaifiyata a kujerar baya ta harɗe da kwanonta a cinya tana cewa in ƙara ƙarfi. Rabon da in ga fuskarta a sake haka na manta.

Ran Talata da safe mutum biyu suka zo shagona. Ba su ɗaga murya ba. Suka ɗauki na'ura da lasisi da takardun gasar, suka ce in biyo su. Wani ofis ne da ba shi da allo a ƙofa. Ba wanda ya taɓa lafiyata, kar in ɗauki alhaki. Benci kawai aka nuna mini. In zauna tun safe, a kira ni, a tambaye ni wane ne Baturen, wace ce matar, me kalmomin da ta faɗa suke nufi a ɓoye. In ba da amsa, a ce in koma benci. In an tashi aiki a ce in dawo gobe. Laraba ma haka, tambayoyin jiya, amsoshin jiya. Wanda bai taɓa zaman bencin irin wannan wuri ba bai san gajiya ba. Ba ka yi aikin komai ba, amma ka koma gida kamar an yi maka duka.

Ran Alhamis ina zaune ina kallon agogon bango yana cin lokacina. Da uku ta wuce na miƙe na ce a kai ni wajen babbansu. Na ce, "Ranka ya daɗe, in ƙarya nake yi, ƙarfe huɗu za ta tona ni. Ku kunna na'urar ku ji da kunnenku, tana nan a kan mitar, ban murɗa ba." Ina jin ya yarda ne don ya kama ni dumu-dumu. Ya sa aka haɗa ta da eriyarsu, ya zare makirufo da hannunsa, ya sa a aljihun tebur ya rufe.

Huɗu ta yi, ba komai sai shuuu. Huɗu ta gota. Sai ga muryar Baturen, yana kiran lambata. Ya kira, ya saurara, ya sake kira. Ya ce, "Togo, ban ji ka ba. Ko da kana jina, saurara, ina da baƙo a nan." Aka yi ɗan ƙwaramniya, irin ta wanda bai saba riƙe makirufo ba.

"Salamu alaikum."

Muryar yayana ce. Ta ƙara kauri, amma ko a cikin kasuwa na ji ta zan gane. Ya yi shiru yana jira.

"Salamu alaikum. Mma, ni ne."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah, kalma ɗaya. In amsa masa kawai, da Faransanci ma in kana so." Ya girgiza kai. Ba da fushi ba, ya ce, "In na ba ka, gobe ni ne a kan bencin nan."

"Salamu alaikum."

Na amsa da ƙarfi, "Wa alaikumus salam, Yaya!" Na amsa wa bango da tebur da mutanen da ke tsaye. Sai muka ji yana ce wa Baturen da gurguwar Faransancinsa, "Ba su amsa ba." Baturen ya ƙara kira ɗaya, ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa, ya rufe.

Shugaban ofishin ya kashe na'urar. Ya ce, "Tafi gida. Ba kai muke nema ba. Amma na'ura da takarda sun zauna."

Na tarar da mahaifiyata a bakin ƙofa. Tun daga nesa na ce, "Yana da rai, Mma! Na ji muryarsa!" Ta zauna a ƙasa daɓas tana hamdala. Ta ce, "Me ya ce?" Na ce sallama ya yi. Ta ce, "Ka amsa?" Na ce na amsa, amma bai ji ba, sun ɗauke abin magana. Ta ɗago ta ce, "Sau nawa ya yi?" Na ce uku.

Duk wanda ya tashi a gidan Musulmi ya san wanda ya yi sallama uku ba a amsa ba juyawa yake yi. Ta ce, "To ya juya ke nan. Zai ce muna ji muka ƙi." Duk shekarun da ta yi tana cigiya ban taɓa ganin hawayenta ba, sai ranar da ta ji yana da rai.

Sauran labarin ba shi da tsawo, jiran ne mai tsawo. Malamina yana da wani ƙaton littafi na adireshin masu rediyo, a ciki na samo na Baturen. Na rubuta masa bayani, na ba wani mai canjin kuɗi na unguwar Kojobiyakope da ke bakin iyaka ya jefa a gidan wayar Gana, don na ji tsoron namu. Watanni suka wuce. Bayan damina yayana ya sauka a tasha yana tambayar ina sabon Zongo. Ashe abin da ya hana shi dawowa, an ce masa an rushe unguwa kowa ya watse, ga kuma kunyar dawowa hannu wofi. Mahaifiyata ta gan shi, ta ga jikokinta daga baya, ta yi shekaru kafin Allah ya karɓi abinsa.

Lasisi kuwa bai dawo ba. Na yi ta sintiri ofishin nan, a nuna mini benci, a ce in dawo, har na daina zuwa. Da zamani ya canja aka ce kowa ya nema, na je na karɓo takardar cikewa, ta kwana biyu a shago na yar. Marmarin ya mutu. Gasar ma ban san na nawa na zo ba, don ban taɓa aika sakamakona ba.

Mutane in sun ji labarin sai su ce ai riba na ci, na ba da akwati na samu ɗan'uwa. Gaskiya ne, kuma ko yau aka maido ni filin nan haka zan yi. Amma kar wanda ya ce mini ban rasa komai ba. Abu ɗaya ne nake da shi nawa na kaina a ƙuruciyata, na yi wahala na samu, aka karɓe don tsohuwa ta sa wa mutum albarka. Ba na jin haushin mai rigar atamfa, ba na jin na shugaban ofishin, kowannensu tsoro ne ke tuƙa shi kamar yadda yake tuƙa ni. In na tuna lokacin, ba fushi ke zuwa mini ba, gajiya ce. Abin da bai wuce ɗa ya gaida uwarsa ba, sai da ya ci mu wannan wahala.

Da yayana ya huta kwana biyu da sauka, ya zo ya same ni a shago. Ya zauna yana kallon rediyoyin mutane da na baje. Can ya ce, "Baturen ya karanta mini takardarka. Amma ina so in ji daga bakinka. Ranar nan, da gaske kana jina?"

Na ce, "Ina jin ka, Yaya."

Ya ce, "Duka ukun?"

Na ce, "Duka ukun."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ni kuwa da ƙafa na koma gida ranar, ina kuka a titi kamar yaro."